Cecil Williams da cocin Glide: limamin da ya ƙi rufe wa kowa ƙofa

Ranar 22 ga Afrilun 2024 Rabaran Cecil Williams ya rasu a birnin San Francisco da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, yana da shekara 94 a duniya. Washegari, 23 ga wata, a can ɗaya ɓangaren ƙasar, a birnin Charlotte na jihar North Carolina, aka buɗe babban taron ɗarikar United Methodist, wato ɗarikar da ya yi wa limanci shekaru da dama. A wannan zama ne wakilai suka soke dokokin da suka hana 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo riƙe limanci, suka kuma goge jimlar da ta shekara 52 a kundin ɗarikar tana cewa dabi'arsu ba ta dace da koyarwar Kirista ba. Mutumin da ya fara tsaya wa waɗannan mutane tun 1964, lokacin da ko a bakin 'yan siyasa masu sassaucin ra'ayi ba a jin zancen, kwana tara kacal ya rage masa ya ga wannan ƙuri'a.

Na san mafi yawan masu karanta wannan rubutu, Musulmi da Kirista, suna da matsayi na addini bayyananne a kan luwaɗi da maɗigo, kuma ni ba malamin fatawa ba ne balle in shiga wannan fage. Abin da ya ja hankalina ga tarihin Williams tambaya ce wadda ta riga muhawarar halal da haram zuwa: idan mutum ya tsaya a bakin ƙofar wurin ibada da yunwa a cikinsa, ko da tabon kulkin ɗan sanda a goshinsa, me ya wajaba a kan mai riƙe da mabuɗin ƙofar? Williams ya amsa wannan tambaya da aiki na tsawon shekara 60, kuma ina ganin ya cancanci a karrama shi a kan amsar da ya bayar, ko da kuwa akwai wuraren da ya yi kuskure, waɗanda za mu zo kansu.

Ba za a gane mutumin ba sai an san inda ya fito. An haife shi ranar 22 ga Satumban 1929 a garin San Angelo na jihar Texas, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta da asibiti da motar haya da wurin shan ruwa. Abin da ya fi ciwo shi ne cocin da iyayensa suke zuwa ma bai tsira daga wannan rabo ba. Ɗarikar Methodist ta Amurka ta taɓa darewa gida biyu a 1844 a kan batun bauta, Kudu da Arewa, kuma da aka zo haɗewa a 1939, sharaɗin da 'yan Kudu suka gindaya shi ne a tattara dukkan majami'un baƙar fata a zuba su a wani sashe na daban, ba tare da la'akari da inda suke a taswira ba. Fararen fata an raba su bisa yanki, baƙaƙe an raba su bisa launi, kuma wannan tsari bai rushe ba sai 1968. Ke nan Williams ya tashi a cikin ɗarikar da take karanta masa cewa dukkan mutane ɗaya ne a gaban Allah, alhali kundin tsarinta ya ware masa kujera a can baya. Ya yi digirinsa na farko a kwalejin Huston-Tillotson ta baƙar fata da ke Austin a 1952, sannan ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙe biyar na farko da makarantar tauhidi ta Perkins, a jami'ar Southern Methodist da ke Dallas, ta karɓa, suka kammala a 1955. Wanda ya taɓa zama abin a-yi-shawara kafin a bar shi ya shiga aji, ya san ɗanɗanon tsayuwa a bakin ƙofa fiye da wanda aka ba shi labari.

Akwai kuma gadon ɗarikar kanta, wanda ya riƙe ya yi wa shugabanninta hujja da shi. John Wesley, wanda ya assasa tafarkin Methodist a Ingila a ƙarni na 18, ya yi suna ne da wa'azi a fili ga masu haƙar kwal da talakawan da ba sa shiga manyan majami'u, da ziyartar fursunoni, da rubutu a kan haramcin cinikin bayi. Wasiƙar da ya rubuta wa William Wilberforce, ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai adawa da cinikin bayi, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a 1791 ƙarfafa masa gwiwa ce a kan yaƙi da bauta. Saboda haka limamin Methodist da ya bar mumbari ya fita titi yana iya cewa bai ƙirƙiro sabon abu ba, komawa tushe ya yi.

A 1963 aka tura Williams cocin Glide Memorial, wanda ke mahaɗar titunan Ellis da Taylor a unguwar Tenderloin. Wata attajira mai suna Lizzie Glide ce ta sayi filin a 1929 ta gina cocin don tunawa da mijinta, ta kuma bar masa dukiya ta amana. Lokacin da Williams ya isa, masu zuwa ibada ba su wuce mutum 35 ba, kusan dukkansu fararen fata ne masu shekaru, yayin da unguwar da ke kewaye da su ta cika maƙil da talakawa masu zama a ƙananan ɗakunan haya, da mashaya, da karuwai, da tsofaffin da ba su da kowa, da samari da 'yan matan da iyayensu suka kora daga gida a wasu jihohi bayan sun gano suna neman jinsinsu. Waɗannan yara su ne suka fi kowa shan wahala. Ba su da aiki, ba su da wurin kwana, da yawansu sun faɗa sayar da jiki don su ci abinci, kuma ba su da inda za su kai ƙara idan an zalunce su, domin a lokacin dokar Kalifoniya ta ɗauki abin da suke yi a matsayin laifi, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana lissafa shi cikin cututtuka har zuwa 1973, 'yan sanda kuma suna kai samame mashayarsu yadda suka ga dama. Idan aka kama mutum, jarida na iya buga sunansa da adireshinsa, washegari ya rasa aiki da gidan haya.

Wani abokin aikin Williams a Glide, Rabaran Ted McIlvenna, wanda aka ɗora wa kula da matasa, shi ne ya fara shiga cikinsu ya ga halin da suke ciki. A tsakiyar 1964 aka shirya wani zama na 'yan kwanaki a Mill Valley, arewa da birnin, inda limaman Furotesta suka zauna da wakilan ƙungiyoyin masu neman jinsi, cikinsu har da Del Martin da Phyllis Lyon, mata biyu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan maɗigo ta farko a Amurka a 1955. Daga wannan zama aka haifi wata majalisa ta haɗin gwiwa tsakanin malaman addini da masu neman jinsi, wadda ofishinta yake a Glide, Williams kuma yana cikin waɗanda suka kafa ta.

Abin da ya faru ranar 1 ga Janairun 1965 shi ne ya fito da wannan majalisa fili, kuma ya dace a tsaya a kansa, domin a nan ne ake ganin ainihin irin aikin da limaman suka yi. An shirya bikin sabuwar shekara a wani zaure mai suna California Hall don tara wa majalisar kuɗi. Kafin ranar, limaman sun je sun gana da 'yan sanda, sun sanar da su, sun kuma fito da fahimtar cewa ba za a tsoma baki ba. Da dare ya yi sai ga 'yan sanda sun cika bakin zauren da motocinsu da fitilu masu haske da na'urorin ɗaukar hoto, suna ɗaukar fuskar duk wanda ya zo shiga. Kowa ya san amfanin hoton: barazana ce ta tona asiri. Duk da haka ɗaruruwan mutane suka ratsa ta cikin hasken suka shiga. Da 'yan sanda suka yi ta neman kutsawa ciki da sunan bincike, lauyoyin da majalisar ta ajiye a ƙofa suka nemi a nuna musu takardar izini daga kotu, sai aka kama uku daga cikinsu tare da wata mata mai karɓar tikiti. Limaman da matansu suna tsaye suna kallo. Abin da masu neman jinsi suka shekara suna faɗa ba a yarda da su ba, ran nan limaman suka gani da idanunsu.

Washegari limaman, Williams na cikinsu, suka kira 'yan jarida suka zargi rundunar 'yan sandan birnin da cin zarafi da saɓa alkawari. Nauyin abin yana ga wanda ya yi maganar. Ɗan luwaɗi a 1965 ba shi da bakin da za a saurara, amma limamin coci mai aure da 'ya'ya, wanda gari ya san shi da mutunci, idan ya ce ya ga zalunci, dole jarida ta buga. Da aka je kotu, alƙali ya umarci masu taya shi yanke hukunci su wanke waɗanda ake tuhuma, kuma ɗaya daga cikin lauyoyin da aka kama, Herb Donaldson, daga baya shi kansa ya zama alƙali a birnin. Wannan duka ya faru ne shekara huɗu da rabi kafin tarzomar Stonewall ta New York a watan Yunin 1969, wadda aka fi ambata a matsayin mafarin gwagwarmayar neman 'yancin masu neman jinsi. Abin da limaman Glide suka bayar a wannan rana shi ne aron mutuncinsu ga waɗanda ba a ɗauke su masu mutunci ba, kuma sun san za su biya farashi a wurin shugabanninsu da mabiyansu.

Bayan haka cocin ya buɗe ɗakunansa ga wata ƙungiya ta yaran titi mai suna Vanguard, wadda ta haɗa matasa 'yan luwaɗi da maza masu shigar mata da masu sauya jinsi, suna taruwa a can suna tsara yadda za su kare kansu. A watan Agustan 1966, a wani gidan abinci na Compton da ke unguwar, irin waɗannan matasa suka yi wa 'yan sanda bore bayan an daɗe ana musguna musu.

A 1967 Williams ya yi abin da har yau wasu Kiristoci ba su yafe masa ba: ya sa aka sauke gicciye daga bangon cikin cocin. Hujjarsa ita ce jama'arsa sun mayar da gicciyen alamar mutuwa da suke kallo daga nesa, alhali yana so su ɗauki nauyinsa a jikinsu su fita da shi titi, su yi murnar rayuwa. Ya sauya salon ibadar Lahadi gaba ɗaya, ya shigo da kiɗan jazz da waƙoƙin majami'un baƙar fata da tafi da rawa, ya kuma ba mashayi da karuwa da tsohon fursuna dama su tsaya gaban jama'a su ba da labarin rayuwarsu ba tare da ɓoye komai ba. Tsofaffin mabiya da yawa suka fice. Waɗanda suka maye gurbinsu sun ninka su sau ɗaruruwa, har rajistar cocin ta haura mutum 10,000, ana yin layi a titi ranar Lahadi kafin a samu wurin zama. A nawa ganin, sauke gicciyen ya wuce gona da iri, kuma ina fahimtar mai bi da zai ji an taɓa masa abu mafi tsarki. Sai dai ba zan iya kawar da kai daga abin da ya biyo baya ba, domin mutanen da ba su taɓa tunanin akwai wurin ibadar da zai karɓe su ba sun shigo, sun zauna, da yawansu sun bar ƙwaya sun gyara rayuwarsu.

A nan ne ya kamata a lura da cewa tsayawarsa ga masu neman jinsi reshe ɗaya ne na bishiya mai rassa da yawa. Cocin ya zama wurin taron masu adawa da yaƙin Vietnam, da 'yan ƙungiyar Black Panther ta masu fafutukar 'yancin baƙar fata, da magoya bayan 'yar gwagwarmaya Angela Davis lokacin da take fuskantar shari'a. Da aka sace Patty Hearst, 'yar gidan masu jaridu, a 1974, Williams yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin shiga tsakani. Ya ɗaura wa masu jinsi ɗaya alkawarin zama tare a cocinsa shekaru da dama kafin Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasar ranar 26 ga Yunin 2015. Amma aikin da ya fi kowanne daɗewa shi ne na tukunya. Ciyarwar da aka fara da ɗan abincin sa-kai a ƙarshen shekarun 1960 ta girma ta zama abinci sau uku a rana, kowace rana ta shekara, ana raba kusan kwano 2,000 a yini, kuma ba a tambayar mai karɓa addininsa ko abin da ya kawo shi wannan hali. Aka ƙara da asibitin sha-ka-tafi, da renon yara, da taimakon matan da mazajensu ke duka, da gidaje masu sauƙin haya, wanda na farkonsu aka buɗe a 1999 da sunansa.

Ba shi kaɗai ya yi wannan ba. Janice Mirikitani, Ba'amurkiya 'yar asalin Japan wadda aka tsare ta tana jaririya tare da iyayenta a sansanin Rohwer na jihar Arkansas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta fara aiki a Glide a matsayin mai buga takardu a 1965, ta zama ƙashin bayan shirye-shiryen jin ƙai na cocin, suka yi aure a 1982. Mawaƙiya ce da birnin San Francisco ya naɗa sarauniyar waƙensa a 2000, kuma ta riga shi rasuwa a watan Yulin 2021. Idan shi ne murya a kan mumbari, ita ce ta mayar da wa'azin ya zama ofisoshi da ma'aikata da kasafin kuɗi.

Shekarun 1980 sun zo da annoba biyu a lokaci ɗaya. Cutar ƙanjamau ta yi wa San Francisco mummunar ɓarna, musamman a tsakanin maza masu neman maza da masu allurar ƙwaya, a daidai lokacin da wasu fitattun masu wa'azi a Amurka suke cewa azaba ce da ta dace da masu ita. Hodar iblis mai arha da ake kira crack kuma ta mamaye unguwannin baƙar fata. Williams ya kira babban taro na ƙasa a 1989 a kan illar wannan hoda ga iyalan baƙar fata, ya kafa shirye-shiryen farfaɗo da mashaya a cikin cocin, ya shigo da gwajin ƙanjamau harabar coci don ya cire wa jama'arsa tsoro da kunya. Duk wanda ya ga yadda tsangwama ta hana mutane zuwa gwaji a garuruwanmu, har cuta ta ci su a ɓoye, zai gane darajar shugaban addini da ya kawo gwajin har cikin wurin ibadarsa.

Kuɗin wannan aiki sun fito daga wurare da dama, amma wanda ya fi shahara shi ne gwanjon cin abincin rana da attajiri Warren Buffett. Matarsa ta farko, Susan, ita ce ta yi aikin sa-kai a Glide ta haɗa su, kuma daga 2000 zuwa 2022 ana yin gwanjon kujerar cin abinci da shi, kuɗin su tafi cocin. Na ƙarshe ya kai dala miliyan 19, jimillar abin da aka tara kuma ta haura dala miliyan 53. Wasu sun soki Williams da cewa ya cika son zama da manya da taurari, kuma gaskiya ne shugabannin ƙasa da mawaƙa da 'yan fim sun yi ta zarya a cocinsa. Amma layin masu karɓar abinci a titin Ellis bai taɓa yankewa ba, kuma da waɗannan kuɗi ake cika tukunyar.

Babban tabon da ke tarihinsa shi ne Jim Jones. A tsakiyar shekarun 1970 Jones, shugaban ƙungiyar Peoples Temple, ya yi fice a San Francisco a matsayin mai wa'azin haɗa launin fata da taimakon talaka, 'yan siyasar birnin suka rungume shi, magajin gari George Moscone ya ba shi muƙami a hukumar gidaje, Williams ma ya yi hulɗa da shi har aka karrama Jones a Glide a 1977. Ranar 18 ga Nuwamban 1978 mutum fiye da 900, mafi yawansu baƙar fata, da yara masu yawa a cikinsu, suka mutu a sansanin Jones da ke ƙasar Guyana bisa umarninsa. Kwana tara bayan haka aka harbe Moscone da Harvey Milk, ɗan majalisar birnin da ya fito fili a matsayin ɗan luwaɗi, a cikin ginin majalisar. Williams ba shi kaɗai Jones ya yaudara ba, amma wannan ba ya wanke shi, domin irin aron mutuncin da ya ceci mutane a 1965 shi ne ya ƙara wa azzalumi kwarjini a 1977. Ƙofar da ba ta tambayar kowa tana da haɗarinta, kuma wanda yake yabon Williams da gaskiya dole ya faɗi wannan.

Yayin da Glide ke tafiya a wannan hanya, uwar ɗarikar ta nufi wata. A babban taron 1972 a Atlanta aka shigar da jimlar rashin dacewa da koyarwar Kirista. A 1984 aka hana naɗa duk wanda ya bayyana kansa a matsayin mai neman jinsi, a 1996 aka hana limamai ɗaura wa masu jinsi ɗaya alkawarin zama tare. An tuɓe Rabaran Jimmy Creech a 1999 saboda ya saɓa, an kuma yi wa Frank Schaefer haka a 2013 saboda ya ɗaura auren ɗansa, kafin a mayar da shi a shekarar da ta biyo. A 2016 yankin yammacin Amurka ya zaɓi Karen Oliveto bishop, mace ta farko mai auren mace da ta hau wannan kujera, kuma daga Glide ta fito, inda ta yi shekara takwas tana limanci. Wannan zaɓe ya ƙara hura wutar da ta kai ga taro na musamman a St. Louis a watan Fabrairun 2019, inda masu riƙe da tsohuwar koyarwa suka yi nasara da ƙuri'a 438 a kan 384. Wakilan Afirka, waɗanda suka kai kusan kashi 30 cikin 100 na zauren, su ne suka rinjayar da sikelin.

Abin da ya biyo baya ya zo a juye. Taron na 2019 ya buɗe wata kafa ta ficewa da dukiyar coci, ana zaton masu sassauci ne za su bi ta, sai ga shi masu ra'ayin riƙau ne suka fice, saboda sun ga bishop-bishop da yawa a Amurka ba su da niyyar aiwatar da hukuncin. Zuwa ƙarshen 2023 majami'u fiye da 7,600, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na na Amurka, sun bar ɗarikar, da yawa suka shiga sabuwar Global Methodist da aka ƙaddamar ranar 1 ga Mayun 2022. Da waɗannan suka tafi, lissafin ƙuri'a ya sauya, shi ya sa a Charlotte aka soke haramcin naɗi ranar 1 ga Mayun 2024 da ƙuri'a 692 a kan 51. Taron ya kuma tanadi cewa ba za a tilasta wa wani limami ɗaura auren da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ya amince da tsarin da zai ba kowane yanki na duniya damar tsara wasu dokokinsa daidai da al'adarsa da dokar ƙasarsa.

Girgizar ta iso har gida. Reshen Kwaddibuwa, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka, ya kaɗa ƙuri'ar ficewa a ƙarshen watan Mayun 2024. A Najeriya, inda dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, cibiyar United Methodist tana jihar Taraba ne, a Jalingo da ƙasar Muri, kuma dabam take da cocin Methodist na Najeriya wanda ya samo asali daga mishan na Ingila. A can Bishop John Wesley Yohanna ya koma Global Methodist a watan Yulin 2024, jama'a suka rabu biyu, rikici ya tashi a kan majami'u da makarantu da filaye, har aka yi asarar rayuka a ƙaramar hukumar Karim Lamido a watan Disamba na wannan shekara. Abin baƙin ciki shi ne dukkan ɓangarorin biyu a Taraba sun ce ba su yarda da auren jinsi ba. Saɓaninsu a kan zama ne ko fita daga ɗarikar da ta halatta shi a wata nahiya, da kuma wanda zai riƙe dukiya. 'Yan'uwa masu waƙa ɗaya da Hausa ranar Lahadi suka zub da jinin juna a kan ƙuri'ar da aka kaɗa a North Carolina.

Shi kuwa Williams, ƙarshen alaƙarsa da ɗarikar bai zo da daɗi ba. Ya yi ritaya daga limanci a 2000 bisa ƙa'idar shekaru, amma ya ci gaba da jan ragamar gidauniyar Glide, abin da ya sa limaman da aka turo bayansa suka yi ta aiki a ƙarƙashin inuwarsa. A 2018 Bishop Minerva Carcaño ta janye limaman ɗarikar daga cocin, tana mai cewa ibadar Lahadi a can ta rasa ginshiƙan ibadar Kirista, kuma ikon cocin ya koma hannun gidauniyar da ba ta amsa wa kowa. Carcaño ba ta cikin masu ra'ayin riƙau, hasali ma an san ta da goyon bayan masu neman jinsi da baƙin haure, don haka ƙorafinta yana da nauyin da ba za a yi watsi da shi ba. Aka je kotu, aka sasanta a 2020, Glide ya fita daga United Methodist ya zama coci mai cin gashin kansa. Ke nan lokacin da ɗarikar ta iso matsayin da Williams ya tsaya a kai tun 1964, cocin da ya gina ya shekara fiye da uku da barinta.

Birnin San Francisco ya riga ya sanya wa ɓangaren titin da ke gaban cocin sunansa tun 2013, kuma a 2023 ya sauka daga dukkan muƙamansa yana da shekara 93. Unguwar Tenderloin har yanzu tana fama da masu kwana a titi, ƙwayar fentanyl ta maye gurbin hodar da ya yaƙa a shekarun 1980, kuma tana kisa fiye da ita. A safiyar 23 ga Afrilun 2024, yayin da wakilai ke zama a kujerunsu a Charlotte, ma'aikatan sa-kai a titin Ellis sun buɗe ƙofar ɗakin cin abinci kamar kullum, suka fara zuba wa mutanen da ke layi karin kumallo.